ATTAJIRI UBAN MAKARANTA: DARASI DAGA RAYUWAR MARIGAYI ALHAJI AMINU ALHASSAN ƊANTATA (1931–2025)

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na 'yan'uwa muridai na ƙasashen Ikara, Maƙarfi da Kudan

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa gwargwadon hikimarSa, Ya ba wani dukiya, Ya ba wani karatu, sa'annan Ya sanya kowannensu yana da bukata a wurin ɗan'uwansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka shaide shi da gaskiya da riƙon amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, kwamitin shirya wannan taro ne ya umurce ni da in tsaya a gabanku, alhali kuwa ni almajiri ne, kuma a cikin wannan majalisi akwai waɗanda na ɗauki karatu a gabansu. Da ba domin bin na gaba bin Allah ne ba, da na zaɓi in zauna a bayan sahu in saurara. Saboda haka ina roƙon malamaina su yi mini afuwa, abin da na faɗa daidai daga Allah ne, wanda na kuskure kuwa su gyara mini.

GABATARWA

Al'adarmu a irin wannan zama ita ce mu karanta tarihin malamai da bayin Allah salihai, mu ji yadda suka yi karatu, da yadda suka yi zuhudu, domin zukatanmu su yi laushi. Bana sai ga shi an zaɓi tarihin ɗan kasuwa, kuma ɗan kasuwar da ya kasance cikin manyan masu dukiya na wannan ƙasa tsawon shekaru masu yawa. Na san wani daga cikin 'yan'uwa zai ce a ransa, me ya haɗa majalisin zikiri da labarin attajiri?

Amsar ita ce, idan muka dubi wannan taro namu, za mu ga mafi yawanmu ba malaman zaure ba ne. A cikinmu akwai masu sayen rake a Maƙarfi suna loda shi zuwa garuruwa, akwai dillalan tumatir da barkono na Ikara, akwai masu ajiyar masara da waken suya a Hunƙuyi da Kudan, akwai masu shaguna da masu motocin haya. Muridin da ya tashi daga wuridin safe, kasuwa yake nufa, kuma a can ne ake gane ko tarbiyyar ta kama shi ko ba ta kama shi ba. Don haka ya dace mu dubi rayuwar wanda ya yi fiye da shekara 70 yana cikin kasuwa, mu ga abin da za mu ɗauka.

Ina so in faɗa tun da farko cewa ni ba ɗan gidan marigayin ba ne, ba kuma yaronsa ba ne, ba ni da wani abu da nake nema a wurin magadansa. Haka kuma ba mu zo nan domin mu tsarkake kowa ba, Allah ne kaɗai Ya san abin da ke cikin zukata. Abu guda nake son mu lura da shi a rayuwarsa: mutumin da bai zauna a ajin jami'a a matsayin ɗalibi ba, amma aka wayi gari shi ne Uban Jami'a. Yaya aka yi haka, kuma mene ne darasinsa a gare mu?

ASALIN GIDAN

Tushen gidan Ɗantata ba shi da nisa da mu. Wanda duk ya hau mota a Tashar Yari ya nufi Kano, in ya wuce Kwanar Ɗangora, ba zai jima ba zai shiga ƙasar Bebeji. A nan aka haifi mahaifin marigayin, Alhaji Alhassan Ɗantata, a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara ta ƙasar Gana da zama, ta bar shi a hannun wata dattijuwa da ake kira Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah ne aka sami laƙabin Ɗantata, wanda a yau duniya ta san shi. Ku duba, 'yan'uwa, yadda Allah Ya raya sunan matar da ta riƙe maraya, har ana ambatonsa a bankuna da jami'o'i bayan shekara fiye da 100.

Alhaji Alhassan ya yi karatun allo a Bebeji kamar yadda kowane ɗayanmu ya yi, ya ɗanɗani abin da almajiri yake ɗanɗana, sa'annan ya shiga fataucin goro. Yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro daga gaɓar Gana ta jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon doguwar tafiyar ayari da jakuna wadda take cin watanni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta wannan layin dogo da ya ratsa ƙasarmu ta Likoro da Gimi, sai kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja, ya kafa yaransa a ƙauyuka, yana ba su jari bisa amana su sayo masa, har ya zama babu kamarsa a wannan sana'a. Masu tarihi sun rubuta cewa lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Da ya rasu a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

An raba gadonsa bisa Mazhabar Malikiyya, kowane magaji ya san rabonsa. An ruwaito cewa kafin cikawarsa ya yi wa 'ya'yansa wasicci da su zauna lafiya da junansu, kada su bari kamfanin ya wargaje. Mu da muke zaune a karkara mun sha ganin yadda gida yake rushewa kafin a yi sadakar arba'in, saboda gona guda ko shago guda. Wannan gida kuwa ya ci gaba da tsayuwa, kuma daga cikinsa ne aka sami Alhaji Sanusi Ɗantata, wanda jikansa ta wajen uwa shi ne Alhaji Aliko Ɗangote.

RAYUWARSA TA KASUWA DA HIDIMAR JAMA'A

An haifi Alhaji Aminu a Kano ranar 19 ga watan Mayu, 1931. Ya yi karatun Alƙur'ani da na addini kamar sauran 'ya'yan gidan, ya shiga makarantar firamare ta Dala daga 1938 zuwa 1945, sa'annan ya ci gaba da karatu a makarantar da mahaifinsu ya buɗe wa 'ya'yansa a gida. A 1948, yana ɗan shekara 17, ya shiga kamfanin mahaifinsa a matsayin mai sayen amfanin gona. A nan akwai abin lura ga iyayen yara. Attajirin da ya fi kowa kuɗi bai ɗora ɗansa a kan kujera ba, sai ya tura shi bakin sikeli, inda ake gardama da manomi a kan nauyin buhu, inda ake koyon bambanta gyaɗa busasshiya da mai danshi, inda kuma ake jarraba mutum da tauye awo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1955 aka tura shi Sakkwato ya kula da harkokin kamfanin a can. Bayan rasuwar mahaifinsu, wansa Alhaji Ahmadu ya riƙe shugabanci, shi kuma ya zama mataimakinsa a 1958. Da Allah Ya yi wa Alhaji Ahmadu rasuwa a 1960, sai nauyin ya dawo kansa yana da shekara 29. Daga nan ya faɗaɗa harkokin gidan zuwa gine-gine da sayar da motoci da masana'antu, daga baya kuma har da man fetur. Kamfaninsa yana cikin waɗanda suka yi aikin ginin makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda da yawanmu muke wucewa ta gabanta. Ya zama ɗan majalisa a Jamhuriya ta Farko, sa'annan ya yi kwamishina a gwamnatin Jihar Kano ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo daga 1968 zuwa 1973.

Ya ku 'yan'uwa, iyayenmu sun ba mu labarin dalar gyaɗa ta Kano, buhuna dubbai an jera su kamar duwatsu suna jiran jirgin ƙasa, kuma a cikinsu akwai gumin manoman wannan yanki namu. Ina dalar take a yau? Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da karkatar hankalin hukuma zuwa ga man fetur, suka taru suka share ta, har yaranmu ba su san ta ba sai a hoto. Marigayin ya ga tashin wannan kasuwa, ya kuma ga faɗuwarta da idonsa. Wanda ya ga haka ya san cewa hajar da ake tinƙaho da ita a yau, gobe labari za ta zama.

Wataƙila wannan yana cikin abin da ya sa ya yawaita ajiya a inda ba ta ruɓewa. Ya gina cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka sanya mata sunan mahaifinsa. Yana cikin manyan waɗanda suka zuba jari aka kafa bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin farko a Nijeriya da aka gina kacokan a kan mu'amala marar kuɗin ruwa. A watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, ya ba da gudummawar Naira biliyan 1 da miliyan 500, yana da shekara 93 a duniya. Wannan shi ne abin da ya fito fili, abin da ya ɓoye kuwa yana tsakaninsa da Ubangijinsa.

YADDA ƊAN KASUWA YA ZAMA UBAN JAMI'A

A shekarar 2005 hukuma ta ba da lasisin buɗe wata jami'a mai zaman kanta a Katsina, wadda Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta yi ɗawainiyar kafawa. An fara kiranta Jami'ar Katsina, daga baya aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Al-Qalam, tana nan a kan hanyar Dutsin-ma. Tana cikin jami'o'in farko da al'ummar Musulmi suka kafa da kansu a ƙasar nan, kuma ba abin mamaki ba ne da ta fito daga Katsina, garin Hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. Da aka zo naɗa Uban Jami'a na farko, sai aka zaɓi Alhaji Aminu Ɗantata.

Ya kamata in yi bayanin wannan muƙami, domin da yawanmu muna jin sunansa ne kawai a rediyo. Uban Jami'a ba shi ne yake tafiyar da ita yau da gobe ba, wannan aikin Shugaban Jami'a ne da majalisunsa. Ba ya koyarwa, ba ya shirya jarrabawa. Shi ne yake shugabantar bikin yaye ɗalibai, da sunansa ake miƙa shaidar kammala karatu, kuma shi ne inuwar da makarantar take fakewa a ƙarƙashinta. In an sami saɓani ana jin nauyinsa, in an shiga matsi ana zuwa wurinsa, in ya buga wata ƙofa domin makarantar ana buɗe masa. Saboda haka ne aka saba ba sarakuna da shugabanni wannan kujera. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello shi ne Uban Jami'a na farko a jami'ar da take ɗauke da sunansa a Zariya, wadda aka buɗe a 1962, haka kuma marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya riƙe wannan matsayi a Jami'ar Ibadan.

To jami'ar da al'umma ta kafa ba ta da baitulmalin gwamnati a bayanta. Tana bukatar uban da mutane suka yarda da amanarsa, wanda in ya ce a kawo za a kawo, domin an san shi ma yana bayarwa. Abin da ya kai marigayin wannan kujera shi ne sunan da ya tara cikin shekaru masu yawa na ciniki, da kuma hannunsa da aka sani a buɗe yake ga makarantu da masallatai.

Idan muka yi tunani, 'yan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, riga da hula ne kawai na zamani. Tun zamanin kakanni, a kowane gari na ƙasar Hausa da karatu ya zauna, za ka tarar da malami a zaure, a bayansa kuma akwai wani attajiri da ya ba shi masauki, yake aika masa da hatsi, yake sayo masa littattafai in ya dawo daga fatauci, yake ciyar da baƙin ɗalibai. Malamin yana karantar da 'ya'yan attajirin, yana yi masa fatawa a kan cinikinsa, yana tsawata masa in ya karkace. A Kano an ga haka ƙarara: Alhaji Sanusi Ɗantata ya shahara da hidima ga malaman Ƙadiriyya, marigayi Halifa Isyaku Rabi'u kuma, wanda ya rasu a 2018, ya haɗa haddar Alƙur'ani da kasuwanci da jagorancin Tijjaniyya.

A tarihin Musulunci ma haka abin yake. Sayyidina Usmanu ɗan Affan (RA) ɗan kasuwa ne, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Imamu Abu Hanifa mai sayar da tufafi ne a Kufa, yana ɗaukar nauyin ɗalibansa daga ribarsa. Abdullahi ɗan Mubarak yana fatauci yana ciyar da malaman hadisi. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa Masallacin Ƙairawiyyin na birnin Fas, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilmi na duniya, wata baiwar Allah ce mai suna Faɗimatu Al-Fihriyya ta gina shi a shekara ta 245 bayan Hijira, daidai da 859, da dukiyar da ta gada daga mahaifinta ɗan kasuwa. Karatu bai taɓa zama a gari ba face an sami mai ɗauke wa malami nauyin tukunya.

ABIN DA YA SHAFE MU A NAN GIDA

Yanzu bari in dawo da maganar ƙofar gidanmu. Ba a neman kowa a cikinmu ya zama uban jami'a, amma babu unguwar da ba ta bukatar uban makaranta. Ku bar ni in ba ku labarin abin da na gani da idona.

Zauren da na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya a cikinsa, na wani bawan Allah ne mai cinikin hatsi a garinmu. Shi ya ba malaminmu aron gidan, shi yake sayen kananzir ɗin fitilar karatun dare, kuma duk kaka yana aiko da dawa. Ya sha faɗa cewa yana da niyyar barin gidan ga makaranta har abada. Ajali ya riske shi bai kira shaidu ba, bai rubuta komai ba. Da aka zo rabon gado, gidan ya faɗa cikin kason wanda yake da bukatar kuɗi, ya sayar, kuma shari'a ba ta hana shi ba, domin niyya ba ta fitar da dukiya daga mallaka. Malaminmu ya kwashe littattafansa yana tsoho ya koma ƙauyensu, ɗalibai suka watse. Yau in na bi ta wurin, shagon sayar da kayan babur nake gani a inda muke durƙusawa. Ban zargi magajin ba, haƙƙinsa ya ɗauka. Amma duk lokacin da na tuna, nakan ce da takarda guda da shaidu biyu sun wadatar.

A nan ne nake son 'yan kasuwarmu su riƙe mas'aloli guda uku daga littattafanmu na Malikiyya, malamaina suna nan za su ƙara bayani.

Ta farko, zakka wajiba ce, kuma tana da masu cinta da aka ƙayyade. Mai shagon da kayansa suke shiga suna fita kullum, yakan ƙimanta hajarsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. Wanda kuwa yake sayen kaya ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi, yana fitarwa ne idan ya sayar. Sai dai a mazhabarmu ba a gina masallaci ko makaranta da kuɗin zakka. Don haka wanda ya fitar da zakkarsa ya sauke farali, amma ginin makaranta da ɗorewarta suna jiran wata ƙofar dabam.

Ta biyu, wannan ƙofa ita ce wakafi, wanda littattafanmu suke kira hubusi, wato mutum ya tsare asalin dukiya ya saki amfaninta saboda Allah. Asalinsa shi ne gonar da Sayyidina Umar (RA) ya samu a Haibara ya tsare ta bisa shawarar Manzon Allah (SAW). Ba sai mai biliyan ba. Mai gonar rake a Maƙarfi yana iya ware kadada guda, ya ce abin da ta bayar na albashin malaman Islamiyyar unguwa ne. Mai shaguna a bakin kasuwar Ikara yana iya ware guda ɗaya, kuɗin hayarsa ya zama na alli da tabarma da gyaran rufi. Malamanmu ma sun halatta a yi hubusi na ƙayyadadden lokaci, kamar shekara 10, ga wanda ba zai iya na dindindin ba.

Ta uku, kuma ita ce mafi muhimmanci, hubusi ba ya cika sai an miƙa shi an karɓa tun mai shi yana da rai da lafiya. In mutum ya yi furuci amma ya ci gaba da riƙe abin a hannunsa har mutuwa ta zo, ko bashi ya cinye dukiyarsa, to ya koma gado ko hannun masu bin bashi. In kuwa ya bari sai yana kwance cikin ciwon ajali, to hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce sulusin dukiya ba. Saboda haka a kira shaidu adilai, a rubuta, a naɗa mai kula, a kai takardar gaban alƙali da hakimi, a ba magada kwafi tun ana ganin juna. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Ina kuma tunatar da mu, mu almajirai, cewa wannan alaƙa tana da haƙƙi a kanmu. Malamin da attajiri yake ciyarwa bai zama maroƙinsa ba. In ya ga yana tauye mudu, ko yana cakuɗa tsohon hatsi da sabo, ko yana danne kuɗin leburorin da suka sare masa rake, wajibi ne ya kira shi gefe ya gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ya zo a hadisi cewa za a tambayi kowane bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Kyauta ga makaranta ba ta wanke haƙƙin manomin da aka zalunta a bakin sikeli. Shi ma attajirin, don ya gina aji bai sami ikon zaɓar wa malami abin da zai faɗa a kan mumbari ba. Uban Jami'a na gaskiya yana tsare mutuncin makaranta, ya bar masu ilmi su yi aikinsu.

RASUWARSA

Allah Ya karɓi ran Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata a birnin Abu Dhabi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ranar Asabar, 28 ga watan Yuni, 2025, a kwanakin farko na watan Muharram 1447, yana da shekara 94. An yi masa Salatul Ga'ib a Kano, inda jama'a masu yawa suka halarta. Ya kasance yana da burin a binne shi a Madina, Allah kuma Ya cika masa wannan buri. Ranar Talata, 1 ga watan Yuli, aka sallace shi a Masallacin Manzon Allah (SAW), aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, inda kaburbura ba su da suna ba su da ado, ba a gane na attajiri da na fakiri. Kamfanonin da gidajen da filayen duk suna nan inda ya bar su, sun zama na magada. Abin da yake bin sa shi ne irin abin da hadisi ya ambata cewa ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa, wato sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, ina roƙon Muƙaddamanmu, idan an koma gida, kowace zawiyya ta zauna ta lissafa makarantun allo da na Islamiyya da zaurukan ilmi da ke kewayenta, ta bincika ta ga wanne ne yake zaune a gidan aro, wanne ne malaminsa yake koyarwa ba shi da abin sawa a bakin salati. Sa'annan a nemi masu hali a cikinmu, a zaunar da su da malamai, a rubuta abin da Allah Ya hore. In Allah Ya kai mu taron baɗi, muna fata a karanta mana adadin makarantun da suka sami iyaye a tsakanin Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Aminu ɗan Alhassan, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi kyawawan ayyukansa, Ka sanya maƙwabtakar da Ka ba shi a Baƙi'a ta zama maƙwabtaka a Aljanna. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da Shehunnanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ka sanya albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, Ka tsare mu daga haram, Ka ba ƙasarmu zaman lafiya, Ka mayar da kowa gidansa lafiya, albarkacin Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW).